An Kira Gizo Kan Rago, An Ɗaure Shi Kan Kifi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara Zaki ya sayi ragon layya tun Azumi bai kama ba. Fari ne sol, ƙahonsa ya murɗe sau biyu. Da safe harawa, da yamma dusa da kanwa, har ya kai ba ya tashi sai da nishi. Aka kafa masa turke a ƙofar fada. Aka ce wa zai yi gadi? Kura ta ce ai ita ce Sarkin Dogarai, aikin nata ne. Fadawa suka kalli juna, ba wanda ya ce uffan.

Saura kwana tara Sallah, ranar Alhamis da dare, rago ya ɓace. Igiya da turke kaɗai aka tarar. Kura ta zo fada tana jan ciki yana sharar ƙasa. Ta ce wake ta ci ya kumbura ta, shi ya sa barci ya sace ta. Zaki ya yi ruri har ganye ya zubo daga itatuwa. Ya ce kafin Sallah yana son a kawo masa ɓarawo.

Kura ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ba sai an je wurin mai duba ba. Wa ke sata a garin nan?"

Fada duka ta amsa da baki ɗaya: Gizo.

Dila malamin daji shi ne alƙali, Hawainiya ce muhutinsa. Ta ɗauko allo da tawada ta rubuta a hankali yadda ta saba: Gizo mijin Ƙoƙi, satar ragon Sarki, ranar Alhamis da dare, a turken ƙofar fada. Aka ba Ɓera sammaci ya kai. Aka ce nan da kwana bakwai.

Gizo na jin sammaci ya faɗi ƙasa yana dariya. Da tsamin bakinsa ya ce, "Yago? Ni? Ƙoƙi, kin ji wai yago!" Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa samun ƙarar da hannunsa ke tsab a cikinta ba sai wannan. Ƙoƙi ba ta yi dariya ba. Ta zaunar da shi ta tambaye shi sau uku, sau uku yana rantsuwa. Ta ce, "To Malam, daren nan ina ka kwana? Don dai ba a ɗakina ba." Ya ce a bakin tafki, daga isha'i har asuba, kuma akwai waɗanda suka gan shi.

Nan fa aka shiga shiri. Ƙoƙi ta kwashi adashinta tun zubi bai zagayo ba. Aka sayi goro aka kai wa Kwaɗo. Aka ɗauki Kunkuru a kai tun ana saura kwana uku, don in an bar shi ya tako da kansa sai bayan Sallah. Aka roƙi Mujiya, wadda ba ta fita da rana, ta ce za ta daure. Tururuwa kuwa da kanta ta zo ta ce ta zagaya turken nan da asubar Juma'a, ta ga sawu. Kwana bakwai gidan Gizo ba a maganar komai sai rago. Nauyin rago, igiyar rago, sawun rago.

Ana gobe za a zauna, cikin dare, aka ga wani ya shiga gidan Dila da cinyar nama nannaɗe a ganye. Malam bai tambayi cinyar mece ce ba. Matarsa ta yi farfesu.

Gari ya waye, gindin tsamiya ya cika. Hawainiya ta karanta allo. Dila ya ce, "Gizo, ka ji abin da ake tuhumarka da shi. Ka yi ko ba ka yi ba?"

"Allah ya gafayta Malam, ban yi ba."

Kura ta tashi ta yi dogon bayani a kan halin Gizo tun daga kakansa, amma ba ta kawo ko ɗaya da ya gan shi kusa da fada ba. Kunkuru ya ce tare suka zauna a bakin tafki. Mujiya, idonta a runtse, ta ce ta gan shi ya ratso ta gonar Biri bayan isha'i, aljihunsa a kumbure, ya sauka tafki, bai bar wurin ba sai da zakara ya yi cara. Tururuwa ta ce sawun da ta gani a turke babba ne, na gaba ya nutse ƙwarai, na baya bai nutse ba, irin na mai gajerun ƙafafun baya. Tari ya sarƙe Kura, aka kawo mata ruwa.

Dila ya shafa gemu. Rago dai bai hau kan Gizo ba, ko yaro ya gani. Ga Sarki yana jiran ɓarawo, ga farfesu ya riga ya wuce maƙogwaro. Sai ya juya wajen Kwaɗo, wanda bai gama ba da shaida ba.

"Kwaɗo, me Gizo yake yi a bakin tafki dare guda?"

"Allah ya gafarta Malam, kifi muke gasawa. Tarwaɗa ce, mai maiƙo."

"Tafkin wa?"

"Ai ruwa duk na Sarki ne."

Dila ya gyara zama. Ya ce, "Muhuti, wanke allo."

Hawainiya ta yi kore, ta yi ja, ta koma toka-toka, sannan ta ɗauko buta ta wanke. Rago ya bi ruwa ya shige ƙasa. Ta rubuta: Gizo mijin Ƙoƙi, cin kifin Sarki. Tawada ba ta bushe ba Dila ya yanke masa wata uku a gidan Yari.

Gizo ya yi tsalle. Ya ce kifin nan Kada Sarkin Ruwa ne ya ba shi. Shi ya saƙa wa Kada koma da zarensa, suka yi ciniki a kan tarwaɗa duk ranar Alhamis har wata guda. Kuma kowa ya san Sarki ya bar wa Kada sha'anin ruwa.

"Ina Kadan?"

"Ya tafi suna can gangaren kogi."

"Me ya hana ka aika masa?"

"Ba wanda ya ce mini kifi! Yago aka ce!"

"Ba ka da shaida ke nan," in ji Dila. Aka tasa ƙeyar Gizo.

Guɗa ta tashi. Kaza tana binsa ƙwai shida tun bara. Gafiya ya taɓa sayar mata da ramin da nata ne tun asali. Akuya har rawa ta taka, tana cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ni dai ban ga laifin wanda Gizo ya cuta ba in ya ji sanyi a ransa ranar nan. Abin da ya tsaya mini shi ne Kunkuru da Mujiya da Tururuwa, da suka bar aikinsu suka zo suka faɗi gaskiya a kan tambayar da aka yi, gaskiyar ta ci, amma aka zubar da ita tare da ruwan allo. Mutum ba ya kare kansa daga abin da bai san ana nufinsa da shi ba, ko da kuwa Gizo ne.

Ƙoƙi ta ɗaukaka ƙara wurin Waziri Toron Giwa. Kafin a zauna Kada ya dawo daga suna. Ya zo da komar a kafaɗa ya shimfiɗa ta a gaban Waziri, kowa ya ga saƙar Gizo ce. Ya ce shi ya ba da tarwaɗar, kuma har yanzu ana binsa Alhamis biyu.

Toron Giwa ya kaɗa kunne. Ya ce lalle kifi ya faɗi, Malam Dila ya yi gaggawa. Ƙoƙi ta fara naɗe tabarmarta. Sai Waziri ya ce a sake karanta masa shaidar Mujiya. Aka karanta. Ya ce, "Tsaya. Ya ratso ta gonar Biri, aljihu a kumbure? Me Biri ya shuka bana?" Aka ce gyaɗa. Ya ce, "To ai magana ta fito. Ba a kan kifi yake ɗaure ba, a kan gyaɗa yake ɗaure. Wata ukun nan suna nan yadda suke."

Ƙoƙi ta ce, "Allah ya ba Waziri nasara, Biri bai kawo ƙara ba. Ba a tambayi mijina komai a kan gyaɗa ba. Yanzu haka ma ba ya nan, yana gidan Yari."

Waziri ya ce rana ta yi zafi, ya tashi ya tafi wanka.

To, a nan sai in gaya muku abin da Ƙoƙi ta sani ba ta faɗa ba. Gyaɗar nan Gizo ya ɗebe ta. Ita ce ma ta soya rabi, rabi yana cikin tulu a ƙarƙashin gado.

Sallah ta zo ta wuce. Zaki ya yi layya da wani ɗan akuya ramamme. Maganar rago ta mutu, tunda an ce ɓarawo yana hannu.

Amma butar Hawainiya ba ta huta ba. Dila ya ga hanya ta buɗe, shari'a ta yi sauƙi, ba wanda zai zo gindin tsamiya ya koma hannu biyu. Aka kira Bushiya kan ba ta biya haraji ba. Ta zo da rasit ɗinta a naɗe cikin tsumma. Aka duba, rasit daidai. Aka wanke allo, aka ɗaure ta kan ta shigo gaban alƙali da makamai a jiki. Aka kira Tunkiya, uwar ragon da ya ɓace, kan bashin dusa. Mai dusa ya zo ya ce an biya shi tun watan jiya. Aka wanke allo, aka ci ta tara kan kukan dare da ke hana Sarki barci. Ɗanta take yi wa kukan.

Akuya da ta taka rawa, nata sammacin ya zo ranar Laraba.

Da aka kira Zomo kan iyakar gona, sai ya zauna ya lissafa duk abin da ya taɓa yi tun yana yaro, ya nemo wa kowanne shaida. Ranar zama ya iso da dangi da maƙwabta da surukai da ungozomar da ta yanke masa cibiya. Aka ɗaure shi kan tara jama'a ba da izini ba. Daga nan duk wanda ya ga Ɓera ya nufo gidansa da takarda sai ya haura katanga. Damina ta tsaya, rabin gari yana gidan Yari, rabi yana ɓoye a dawa, ciyawa ta cinye gonaki.

Ƙoƙi ta ɗauko tulun ƙarƙashin gado ta nufi kukar bayan gari, wurin Aku. Shi Aku ya yi shekaru cikin keji a barandar wani lauya a Kaduna, inda ɗalibai ke taruwa suna bitar shari'o'i da ƙarfi, har ranar da yaron gida ya manta ƙofar keji a buɗe. Duk abin da ya ji yana kansa. Sai dai ba ya buɗe baki kyauta.

Ta zuba masa gyaɗa cikin tafi guda. Ya ɓare ya cinye, sannan ya ce, "Uwargida, 'yan Adam na ƙasar nan sun rubuta maganar a kundin tsarin mulkinsu na 1999, sashe na 36, ƙaramin sashe na 6. Duk wanda ake tuhuma, dole a gaya masa da wuri, da harshen da yake ji, dalla-dalla, wane laifi ne. Dole a ba shi isasshen lokaci da halin shirya kare kansa. Dole a bar shi ya yi wa shaidun mai ƙara tambaya, ya kuma kawo nasa."

Ƙoƙi ta ce, "Malam Aku, su ma 'yan Adam ɗin suna wanke allo ne har suka rubuta wannan?"

Aku ya kalli tulu. Ta ƙara tafi biyu.

Ya ce, "A ƙarshen 1945, a garin Little Rock na jihar Arkansas a Amurka, ma'aikatan wani kamfanin matsar man angurya suka shiga yajin aiki. Faɗa ya kaure tsakanin masu yaji da waɗanda suka ci gaba da aiki, har ɗaya daga cikin masu yajin ya rasa ransa. Aka kama wasu, cikinsu akwai wani Roy Cole. Jihar tana da wata doka ta 1943. Sashe na 1 ya hana mutum ya sa ƙarfi ko barazana ya hana wani yin aikinsa. Sashe na 2 ya hana taruwa a wurin da ake rikicin ma'aikata don a hana aiki da ƙarfi, ya kuma hana zuga irin wannan taro. A kan sashe na 2 aka rubuta tuhuma. A kansa aka yi shari'a. A kansa aka yanke musu shekara ɗai-ɗai. Suka ɗaukaka ƙara, suka ce sashe na 2 ɗin nan ya saɓa wa tsarin mulki. Kotun ƙolin jihar ta ƙi taɓa wannan magana. Ta ce ai shaidu sun nuna sun karya sashe na 1, saboda haka hukunci ya tsaya."

"Waziri ke nan," in ji Ƙoƙi.

"Ranar 8 ga Maris, 1948, Kotun Ƙolin Amurka ta rushe wannan. Mai shari'a Hugo Black ya rubuta hukuncin, ba alƙali ɗaya da ya saɓa masa. Ya ce ɗaure mutum kan laifin da ba a yi masa shari'a a kansa ba daidai yake da ɗaure shi kan tuhumar da ba a taɓa yi masa ba. Akwai sauran labari."

Ƙoƙi ta kifa tulu, ba ko ƙwaya. Aku ya ce to sauran sai wani jiƙon. Ta ce ya zo fada ranar Litinin, in an yi nasara akwai ƙuli-ƙuli. Ya ce Allah ya kai mu.

Ta koma gida tana tunani. Sai idonta ya faɗa kan murhu, inda babbar tukunyarta ta biki take zama. Babu ita. Ta tuna wadda ta zo aronta da yammacin wata Alhamis, saura kwana tara Sallah.

Da safe ta tafi fada ta faɗi ta yi gaisuwa. Ta ce ita mace ce mijinta yana ɗaure, ba ta da mai tsaya mata, tana roƙon Sarki da kansa ya karɓo mata tukunyarta a wurin Sarkin Dogarai. Zaki ya daɗe bai yi dariya ba, ya yi. Ya ce a rubuta. Hawainiya ta rubuta: Kura, riƙe tukunyar aro.

Kura ta sha dariya har da birgima. Ranar Litinin ta ɗauraye tukunyar sama-sama ta ɗauko a ka, ta dire a gaban Sarki. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ga tsiyarta nan. Mantuwa ce."

Ƙoƙi ta ce, "Na gode, Yaya Kure. Yaushe ma kika ara?"

"Kafin Sallah."

"Me kika dafa?"

"Wake."

"Ranka ya daɗe, ina jin tsoron ko ta tsage. A bar Tururuwa ta shiga ta duba mini gindinta."

Tururuwa ta shiga da 'ya'yanta. Can sai ga su sun fito a jere. Ta farko tana ɗauke da guntun kitse. Ta biyu da farin gashi. Ta uku da ta huɗu suna jan ɓallin ƙaho mai murɗi.

Zaki ya miƙe tsaye, gezarsa ta tashi. Ya ce, "Muhuti! Wanke allon nan! Rubuta rago! Yau ba za ta kwana da rai ba!"

Kura ta zube tana kururuwa. "Ranka ya daɗe, a kan tukunya aka kira ni! Tukunya aka rubuta! Ba wanda ya ce mini rago! Ina da shaidu, ina da magana, a ba ni kwana bakwai in shirya! Ina aka taɓa kiran mutum kan abu a kashe shi kan wani?"

Fada ta yi tsit. Hawainiya ta tsaya da buta a hannu.

Ƙoƙi ta matso ta durƙusa. Ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, gaskiya ta faɗa. Ni tukunya na kawo ƙara, kuma ga tukunyata. A sallame ta."

Zaki ya ce, "Ke, kin san abin da kike faɗa? Ita ta sa aka ɗaure mijinki."

"Na sani, ranka ya daɗe. Maganar da ta faɗa yanzu ita mijina ya faɗa a gindin tsamiya. Ita Bushiya ta faɗa, ita Tunkiya ta faɗa. In maganar banza ce, a wanke allo a yanka Kura. In maganar kirki ce, to akwai masu ita da yawa a gidan Yari."

Dila ya ga wuta ta nufo gemunsa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, mace ce, ba ta san shari'a ba. Ashe wanda aka kawo kan fashi, in ba a tabbatar ya riƙe makami ba, sai a sallame shi da kayan mutane a hannu?"

Daga kan katanga Aku ya ce, "A'a, Malam, a kama shi da sata. Sata tana cikin fashi. Wanda ya shirya amsa fashi ya riga ya shirya amsa sata, ba abin da ya zo masa ba zato. Wannan ko a kotunan 'yan Adam haka ne. To kifi yana cikin rago?"

Fadawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya.

Dila ya ce, "Duk nama ne, duk na Sarki ne, duk dare ɗaya ne."

Aku ya ce, "A 1960 Black ɗin nan ya rubuta hukuncin wata shari'a da ta fi wannan kusa. Wani shugaban ƙungiyar ma'aikata ne a jihar Pennsylvania, Stirone. Aka rubuta cewa ya tatsi kuɗi a wurin ɗan kwangila da barazana, har abin ya shafi yashin da ake shigo da shi jihar. A wurin shari'a sai aka ƙara da maganar ƙarfen da za a riƙa fitarwa daga jihar, wanda ba ya cikin takarda. Mutum ɗaya, doka ɗaya, kuɗin da aka ce ya karɓa ɗaya. Kotu ta rushe hukuncin, don ba wanda zai iya cewa a kan yashi aka kama shi ko a kan ƙarfe."

"To in alƙali ya ga laifi ƙiri-ƙiri a gabansa, sai ya runtse ido?"

"Ba wanda ya ce haka. Dokar shari'ar laifuka ta ƙasar nan ta 2015 ta yarda a gyara tuhuma kafin a yanke hukunci. Amma a karanta wa mutum sabuwar, a bayyana masa, a sake tambayarsa ya yi ko bai yi ba, a bar shi ya sake kiran shaidu. Da an yi haka da an jira Kada."

Ƙoƙi ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ba sai mun je Amurka ba. A zaurenka na ji kana karantar da almajirai cewa alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, ya tambayi mutum ko yana da sauran magana ko sauran hujja. Mijina ya ce yana da Kada."

Dila ya shiga laluben carbinsa.

Zaki dai har yanzu idonsa yana kan wuyan Kura. Maganar yashi da ƙarfe ba ta dame shi ba. Ƙoƙi ta lura da haka. Sai ta ce, "Ranka ya daɗe, in yi tambaya ɗaya. Ranar da Tururuwa ta faɗi irin sawun da ta gani, da an sallami Gizo, me za ka ce?"

"Zan ce a nemo mai sawun."

"A ranar, ƙahon nan da fatar da kitsen duk suna nan, ba a yi nisa ba. Amma aka wanke allo, aka kawo maka labari an ɗaure ɓarawo. Tun daga ranar wa ya ƙara neman ragonka?"

Zaki ya koma ya zauna. Ya tuna ɗan akuyan da ya yi layya da shi. Ya tuna gonakin da ciyawa ta cinye, da hatsin fada da ba zai shigo ba bana. Ya daɗe bai ce komai ba.

Da ya buɗe baki sai ya ce a karɓe butar daga hannun Hawainiya. Ya ce daga yau abin da aka rubuta shi za a tambaya, shi za a amsa, a kansa za a yanke. In wani laifi ya ɓullo a tsakiyar shari'a, a ɗauko sabon allo, a karanta wa mai shi, a ba shi kwanakinsa. Ya ce a buɗe gidan Yari. Bushiya ta fito da rasit ɗinta har yanzu a hannu. Aka mayar wa Tunkiya tararta. Zomo ya fito da ungozomarsa.

Sannan aka ɗauko sabon allo aka rubuta: Kura, cin ragon Sarki da aka ba ta gadi. Aka ba ta kwana bakwai cif, aka sa Damisa ya riƙa raka ta duk inda za ta neman shaidu. Ta zagaya dawa kaf, ba ta samu ko ɗaya ba. Ranar zama, da ta ga ba mafita, ta ce ai ba ita kaɗai ta ci ba, cinya guda gidan Malam ta tafi. Jama'a suka yi ca, a kama Dila, a ɗaure Dila. Zaki ya ce a'a, a kawo allo. Aka rubuta, aka ba Ɓera ya kai. Dila bai jira kwana bakwai ɗinsa ba. Da asuba aka ga sawunsa ya yi gabas. Kura kuwa aka tuɓe ta daga sarauta, aka kore ta bayan gari, can take har yau.

Gizo ya kwana biyu a gida yana cin tuwo yana ba yara labarin yadda shi da dabararsa ya kayar da alƙali da Waziri. A rana ta uku sai ga Ɓera a ƙofar gida. Biri ya kai ƙara. Allo ya ce: Gizo mijin Ƙoƙi, ɗibar gyaɗa a gonar Biri, mudu shida, ranar Alhamis bayan isha'i.

Wannan karon ya san abin da zai amsa, kuma ya yi amfani da kwanakinsa duka bakwai. Ya ce gyaɗar da kanta ta faɗo aljihunsa. Aka tambaye shi yadda abin da ke cikin ƙasa yake faɗowa. Ya ce duhu ne, Mujiya ba ta gani sosai ba. Aka yi dariya har Mujiya. Ya ce a kira Kada. Aka jira Kada kwana biyu, ya zo ya ce shi ruwa ya sani, bai san tudu ba. Biri ya kawo Kurege da ya ga ana tono. Kunkuru, wanda aka naɗa sabon alƙali, ya tambayi Gizo ko yana da sauran magana ko sauran hujja. Gizo ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce babu. Aka yanke masa ya yi wa Biri aikin gona kwana arba'in, a cire kwanakin da ya riga ya yi a gidan Yari.

A hanyar gida yana ta mita. Ya ce, "Ƙoƙi, duk wahalay nan da kika yi, ga shi an sake kama ni. Me kika ƙaye ni da shi?"

Ta ce, "Malam, ka ɗebi gyaɗar ko ba ka ɗeba ba?"

Ya yi shiru.

Aku yana kan reshe yana cin ƙuli-ƙulinsa. Ya ce, "Uwargida, ga sauran labarin da nake riƙe miki. Da aka mayar da shari'ar su Cole can Arkansas, kotun jihar ta zauna ta duba ta a kan sashe na 2, wanda aka tuhume su da shi tun farko, ta tabbatar wa Cole hukuncinsa. Ya sake komawa Kotun Ƙoli. A ƙarshen 1949 ita ma ta tabbatar."

Gizo ya ce ba a tambaye shi ba.

Ranar Asabar ya fara aiki a gonar Biri. Ranar Talata Biri ya auna irin da ya ajiye a bukka don maimai, ya ga mudu ɗaya ya ragu. Ya tafi wurin Kunkuru. Hawainiya ta ɗauko sabon allo ta rubuta: Gizo mijin Ƙoƙi, irin gyaɗa mudu ɗaya, ranar Talata da hantsi, a bukkar gonar Biri. An sa zama Talata mai zuwa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.